Galahanga a zamanin TikTok: wa ke da hurumin sanya wa lalura suna?

A Amurka da Birtaniya matasa da yawa suna cewa sun gano suna da galahanga tun kafin likita ya gan su, adadin waɗanda likitoci ke tabbatar wa lalurar kuma sai hauhawa yake yi. Wasu masana na ganin an wuce gona da iri, wasu kuma na cewa yanzu ne aka fara ganin mutanen da aka daɗe da mantawa da su.

Irin bidiyon TikTok da ke sa matasa wannan tunani ba ya wuce daƙiƙa talatin ko arba'in. Budurwa ce zaune a bakin gadonta, kiɗa yana tashi a hankali, rubutu yana fitowa a saman kanta layi bayan layi: idan hayaniyar biki tana gajiyar da ke, idan sai kin tsara abin da za ki faɗa kafin ki kira waya, idan kina maimaita waƙa ɗaya tun safe har dare, idan 'yar takardar da ke wuyan riga tana damun fatarki, to wataƙila kina da galahanga ba ki sani ba. Mai kallo 'yar shekara goma sha shida, wadda ta daɗe tana jin ita daban ce a ajinsu, sai ta ƙirga ta ga duka huɗun nata ne. Ta sake kallo. Manhajar ta lura ta tsaya a kansa, sai ta kawo mata wani irinsa, ta ƙara mata wani. Kafin mako ya zagayo, yarinyar ta samu sunan da za ta riƙa kiran damuwarta da shi.

A 2023 masu bincike daga Jami'ar Drexel ta Amurka sun wallafa nazarin da suka yi a kan bidiyoyi 133 na bayani a kan galahanga, wato otizim, waɗanda suka fi samun masu kallo a TikTok. Jimillar kallon da aka yi musu ta kusa miliyan 200. Kashi 27 cikin ɗari ne kawai aka samu bayaninsu daidai yake da abin da kimiyya ta sani. Kashi 41 kuskure ne, kashi 32 kuma sun ɗauki halin mutum ɗaya sun yi wa kowa kuɗin goro. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne masu kallo ba su bambanta su ba: bidiyon kuskure da na gaskiya kusan karɓuwa ɗaya suka samu.

Daga nan ne shakkun da ake ta muhawara a kansa ya samo ƙarfi. Shakkun yana da hujja, kuma ya kamata a saurare shi. Sai dai akwai wurin da ya dace a ɗora shi, akwai kuma wurin da ɗora shi zalunci ne.

Alƙaluman da suka girgiza kowa

A 1966 wani mai bincike mai suna Victor Lotter ya ƙirga yara a yankin Middlesex na Ingila, ya samu kimanin huɗu da rabi cikin kowane 10,000 suna da galahanga. Shekaru da dama ana ɗaukar lalurar a matsayin abin da likita zai iya gama aikinsa bai gani ba sai ɗaiɗaiku.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fara bin yara 'yan shekara takwas a 2000, ta samu ɗaya cikin 150. A alƙaluman 2010 ya koma ɗaya cikin 68, a na 2020 ɗaya cikin 36, rahoton da ta fitar a watan Afrilun 2025 kuma ya ce ɗaya cikin 31. A Birtaniya, binciken da Ginny Russell ta Jami'ar Exeter ta jagoranta ya nuna cewa daga 1998 zuwa 2018 adadin sababbin waɗanda ake tabbatar wa galahanga ya ƙaru da kashi 787 cikin ɗari, ƙarin kuma ya fi yawa a tsakanin manya da mata. A Ireland ta Arewa, alƙaluman gwamnati na 2023 sun nuna yaro ɗaya cikin 20 na 'yan makaranta yana ɗauke da wannan suna.

Duk wanda ya ga waɗannan lambobi dole ya tambaya: yaran ne suka canza, ko ma'aunin da ake auna su da shi? Amsar tana cikin tarihin ma'aunin.

Daga yaro ɗaya zuwa miliyoyi

A 1938 wani lauya daga ƙaramin garin Forest a jihar Mississippi ya rubuta wa likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins wasiƙa mai shafi 33 a kan ɗansa Donald Triplett, ɗan shekara biyar. Yaron ya haddace waƙoƙi tun yana ƙarami sosai, amma idan aka kira sunansa ba ya waiwayowa. Yana iya shafe lokaci mai tsawo yana juya kwano ko katako a ƙasa yana kallon yadda yake wulwulawa. Idan yana nufin kansa sai ya ce "kai", domin haka ya ji ana ce masa. Ƙaramin sauyi a tsarin yininsa yana jefa shi cikin tashin hankali. A 1943 Kanner ya wallafa bayanin yara goma sha ɗaya masu irin wannan hali, Donald ne na farko a jerin. Ya rayu har 2023, ya rasu yana da shekara 89, bayan ya yi aiki a bankin danginsa, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashen duniya, a cikin garin da mutanensa suka riƙe shi a matsayin nasu.

A 1944 Hans Asperger a birnin Biyana na Ostiriya ya bayyana wasu yara masu baki da ƙwaƙwalwa, amma hulɗa da mutane tana ba su wahala. Aikin nasa ya daɗe ba a san shi sosai ba a ƙasashen da ke magana da Turanci, sai da likita Lorna Wing ta Landan ta fito da shi a 1981. Ita kanta uwa ce ga yarinya mai galahanga mai tsanani. Daga binciken da ta yi da Judith Gould a unguwar Camberwell a 1979 ta fahimci cewa lalurar hawa-hawa ce, kuma yara da yawa da ke buƙatar taimako ana mayar da su gida don kawai ba su cika siffar da Kanner ya zana ba. Niyyarta ta alheri ce: a buɗe ƙofa ga waɗanda aka bari a waje.

Aka kuwa buɗe. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke dogara da shi, DSM, ya shigar da galahanga a matsayin lalura mai zaman kanta a 1980, ya sassauta sharuɗɗanta a 1987, ya ƙara nau'in Asperger a 1994, sannan a 2013 ya haɗa dukan nau'o'in a ƙarƙashin suna ɗaya mai matakai uku. A 1990 dokar ilimi ta Amurka ta sa galahanga cikin lalurorin da ke ba yaro haƙƙin samun tallafi na musamman a makaranta. A 2007 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ba da shawarar a riƙa duba kowane yaro yana wata 18 da wata 24. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya ƙara yawan waɗanda ake ƙirgawa.

Allen Frances, likitan da ya shugabanci kwamitin da ya rubuta bugun 1994, daga baya ya fito fili ya ce sauye-sauyen da suka yi sun taimaka wajen kumbura alƙaluman galahanga fiye da yadda suka zata. Idan wanda ya riƙe alƙalamin da kansa ya faɗi haka, ba a ce masu shakka ba su da abin faɗa.

Abin da bincike ya gano

A Denmark, inda ake ajiye bayanan lafiyar kowane ɗan ƙasa, wani nazari na 2015 a kan yaran da aka haifa daga 1980 zuwa 1991 ya gano cewa kashi 60 cikin ɗari na ƙarin da aka samu ya fito ne daga abu biyu: sauya sharuɗɗan tantancewa a 1994, da fara ƙirga marasa lafiyar da ba a kwantar ba a 1995.

A Suwidin an bi wata hanya mai kaifi. Masu bincike sun yi wa iyayen tagwaye kusan 20,000, haihuwar 1993 zuwa 2002, tambayoyi iri ɗaya shekara bayan shekara a kan halayen 'ya'yansu. Yawan alamomin galahanga a jikin yaran bai motsa ba. A daidai wannan lokacin, adadin waɗanda aka rubuta wa sunan lalurar a rajistar ƙasa sai hawa yake. Yaran suna nan yadda suke, rajistar ce ta cika.

A 2019 Laurent Mottron na Jami'ar Montreal da abokan aikinsa sun tattara binciken shekaru masu yawa, suka ga cewa bambancin da ake aunawa tsakanin masu galahanga da sauran jama'a yana ta raguwa. Ma'ana, mutanen da ake sanya wa sunan a yau sun fi kama da kowa fiye da waɗanda aka sanya wa a da. Rahoton CDC na 2025 shi ma yana ɗauke da irin wannan ishara: a yankin da aka bincika a Kalifoniya yaro ɗaya ne cikin 19, a garin Laredo na jihar Texas kuma ɗaya cikin 103. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya. Abin da ya raba su shi ne yawan asibitoci, da tsarin dubawa, da tallafin da sunan ke buɗewa.

Akwai kuma musayar suna. Bincike a makarantun Amurka ya nuna cewa yayin da rukunin galahanga ke cika, rukunin masu raunin fahimta yana raguwa, domin yaron da a da za a rubuta masa wancan, yanzu wannan ake rubuta masa. Wannan bai kore yiwuwar ƙari na haƙiƙa ba. An san cewa haihuwa a shekarun girma, musamman ta ɓangaren uba, da haihuwar bakwaini, suna ƙara yiwuwar lalurar, gado kuma shi ne kaso mafi girma, kimanin kashi 80 cikin ɗari bisa wani babban nazari na ƙasashe biyar a 2019. Amma mafi yawan hawan da aka gani, ma'auni ne ya faɗaɗa, idanun masu dubawa kuma suka ƙaru.

Abin da ke faruwa a ɗakin tantancewa

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna galahanga. Tantancewa aikin lura ne da tambaya, kuma idan an yi shi yadda ya kamata yana cin sa'o'i, wani lokaci zama fiye da ɗaya.

Idan ƙaramin yaro ne, ana shigar da shi ɗaki mai kayan wasa, uwarsa tana gefe. Mai dubawa zai kira sunansa daga bayansa ya ga ko zai juyo. Zai hura kumfar sabulu, ya dakata, ya jira: yaron zai kalli fuskarsa ya nemi ƙari, ko zai kama hannunsa ya ja kamar wanda ya kama maɓalli? Zai kalli wani abu a can nesa ya ce "duba", ya ga ko idon yaron zai bi nasa. Zai shirya wa 'yartsana bikin ƙarya ya ga ko yaron zai shiga wasan. Idan matashi ne ko babba, hira ake yi da shi, ana lura da yadda yake karɓar magana yana mayarwa, da yadda fuskarsa da hannuwansa ke tafiya tare da kalmominsa. Bayan haka a zauna da iyaye ko wani da ya san yarintarsa, a tono abin da ya faru yana shekara biyu, uku, huɗu. A nemi rahoton makaranta. A duba jinsa da ganinsa.

Sharuɗɗan suna da tsauri a rubuce. Dole a samu matsala mai ɗorewa a hulɗa da sadarwa. Dole a samu aƙalla biyu daga cikin waɗannan: maimaita ɗabi'u, ko manne wa tsari ɗaya, ko sha'awa mai tsanani a kan abu ɗaya, ko jin sauti da taɓi fiye da kima. Dole alamomin su kasance tun ƙuruciya. Dole kuma su zama suna kawo cikas na gaske a rayuwa. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne bidiyon daƙiƙa talatin ba ya iya tambaya.

Jarrabawar intanet ma ba ta cike gurbin. Mafi shahara ita ce AQ mai tambayoyi 50, wadda Simon Baron-Cohen na Jami'ar Cambridge da abokan aikinsa suka fitar a 2001. An yi ta ne don nuna wanda ya kamata a ƙara dubawa. A 2016 aka gwada ta a kan manya 476 da aka tura wani asibitin ƙwararru a Landan. Makin da mutum ya ba kansa bai iya hasashen sakamakon likita ba. Kashi 64 cikin ɗari na waɗanda makinsu bai kai ba, ashe suna da lalurar, ciwon fargaba kuma yana ɗaga makin waɗanda ba su da ita.

Nan ne babban haɗarin yake. Gudun taro, da kasa haɗa ido, da gajiya bayan zama da mutane, da jin kai bare ne, duk ana samun su a ciwon fargaba, da ciwon damuwa, da matsalar rashin tattara hankali da ake kira ADHD, da kuma tabon da cin zarafi ke bari a zuciyar yaro. Wasu daga cikin waɗannan suna da magani mai aiki. Matashin da ya yanke wa kansa hukuncin cewa haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa, ba lallai ya nemi maganin abin da za a iya warkarwa ba. Likitoci sun ga makamancin haka a 2020 da 2021, lokacin da asibitoci a Kanada, Jamus, Birtaniya da Amurka suka cika da 'yan mata masu fizge-fizgen jiki da furucin da ya zo musu farat ɗaya, da yawansu bayan sun daɗe suna kallon bidiyon masu lalurar Tourette. Ba ƙarya suke yi ba, wahalarsu ta gaske ce, amma sunan da suka zo da shi ba nata ba ne, kuma da yawa sun samu sauƙi da aka magance fargabar da ke ƙarƙashi.

Me ya sa matasan ba sa jiran likita?

Duk wanda ya tsaya a nan ya faɗi rabin labari. A Ingila ƙa'ida ta ce a fara duba wanda aka tura cikin mako 13. A 2024 sama da mutum 200,000 ne ke layin jira, mafi yawansu sun haura wannan wa'adi, a wasu yankuna ana shafe shekaru. A Amurka tantance babba a asibitin kuɗi yana iya cin dubban daloli. Yarinyar da aka ce ta jira shekara biyu ko uku, alhali yau take kasa shiga aji, dole ta nemi amsa a inda amsa take, wato a wayarta.

Kuma tarihi yana bayan wasu daga cikinsu. An daɗe ana cewa maza huɗu ne ga mace ɗaya, amma wani nazari na 2017 ya nuna cewa idan aka shiga cikin jama'a aka duba kowa, rabon ya fi kusa da uku ga ɗaya. Ma'ana akwai 'yan matan da ake tsallakewa. Da yawansu sun koyi kwaikwayon ƙawayensu, suna haddace abin da ake faɗa da lokacin da ake dariya, su dawo gida a gajiye liƙis. Wani nazari na Jami'ar UCL a 2023 ya gano cewa a Ingila kusan kashi 3 cikin ɗari na 'yan shekara 10 zuwa 14 an tabbatar musu da galahanga, amma a cikin waɗanda suka haura 70, biyu ne kacal cikin 10,000. Masu binciken sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 59 da 72 cikin ɗari na masu lalurar a ƙasar ba a taɓa tantance su ba. Ko a wancan asibitin na Landan, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka tura an tabbatar musu.

Masu kare 'yancin mutum ya bayyana kansa suna da magana mai nauyi, irin wadda Bahaushe ke cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, babu wanda ya fi matashin sanin inda ruwa ke zubo masa. Amma ko kwanon ne ya huje, ko katakon ne ya ruɓe, ko bangon ne ya tsage, wannan sai an hau sama an duba, kuma gyaran kowanne daban ne. Zargin da mutum ya yi wa kansa mafari ne mai daraja. Matsalar tana farawa ne idan aka mayar da shi hukuncin ƙarshe.

Su wa ke biyan kuɗin?

Masu biya na farko su ne yaran da lalurar ta fi yi wa nauyi. A 2021 kwamitin masana na mujallar Lancet ya ba da shawarar a ware suna na musamman ga waɗanda ba sa magana ko kaɗan ko sai 'yan kalmomi, ko masu raunin fahimta mai tsanani, waɗanda ke buƙatar mai kula da su dare da rana har ƙarshen rayuwa. Nazarin CDC na 2023 ya ce sun kai kimanin kashi 27 cikin ɗari na yaran da aka tantance. Waɗannan ba sa yin bidiyo. Uwar da ɗanta mai shekara goma sha biyar yake buga kansa da bango, wadda ba ta iya barinsa minti biyar shi kaɗai, tana kallon yadda fuskar galahanga a idon duniya ta koma ta ɗalibin jami'a mai iya zance. Iyaye irinta, ciki har da Alison Singer ta wata gidauniyar binciken galahanga a Amurka, sun daɗe suna kokawa cewa suna ɗaya ba zai ɗauki rayuwa biyu masu nisa haka ba. Wasu masu lalurar suna adawa da rabawar, suna tsoron za a ce wahalar masu iya magana ba wahala ba ce. Tsoronsu abin dubawa ne, amma kukan waɗancan iyaye ya fi gaggawa, domin 'ya'yansu ba su da bakin da za su kare kansu.

Masu biya na biyu su ne matasan da kansu. Likitar jijiyoyi Suzanne O'Sullivan ta Landan, a littafin da ta fitar a 2025, ta yi gargaɗin cewa suna yana iya sauya yadda mutum ke kallon kansa, ya rage abin da yake tsammani daga kansa, ya rage abin da malamai da iyaye ke tsammani daga gare shi. Lucy Foulkes ta Jami'ar Oxford ta gabatar da hasashe makamancin haka a 2023 game da lafiyar ƙwaƙwalwar matasa: yawan wayar da kai yana taimakon wasu su gane ciwonsu, yana kuma sa wasu su fassara ƙuncin rayuwa na yau da kullum a matsayin cuta. Wanda ya gaskata cewa ba zai taɓa iya shiga mutane ba zai daina gwadawa, daina gwadawar kuma sai ta tabbatar masa da abin da ya gaskata.

Sai dai a yi hattara da masu hawa kan wannan shakku don wata manufa. A watan Maris na 2025 ministan lafiya na Birtaniya, Wes Streeting, ya ce ana wuce gona da iri wajen tantance matsalolin ƙwaƙwalwa, a daidai lokacin da gwamnati ke shirin rage kuɗin tallafin naƙasassu, abin da ya sa iyalai da dama suka ji kamar ana neman hujjar janye musu hannu ne. A Amurka kuma ministan lafiya Robert F. Kennedy Jr. ya karanta alƙaluman ta ɗaya gefen, ya kira su annoba, ya ɗora laifin a kan guba a muhalli. Shi ne kuma ya daɗe yana alaƙanta lalurar da rigakafi, zargin da ya samo asali daga takardar Andrew Wakefield ta 1998, wadda aka janye a 2010 aka kuma soke lasisin mai ita, bincike a kan miliyoyin yara kuma bai samu alaƙar ba. Mu da muka ga abin da jita-jitar rigakafin shan inna ta jawo a Arewa a 2003 mun san tsadar irin wannan magana.

Inda lamarin ya shafe mu

A ƙasar Hausa matsalar a juye take. Victor Lotter, wanda ya yi ƙidayar Middlesex, ya zo Afirka ya duba yara 1,312 masu raunin fahimta a ƙasashe shida, har da Najeriya da Gana, ya wallafa a 1978 cewa tara sun cika sharuɗɗan galahanga. Tun lokacin aka san lalurar tana nan. Binciken likita Muideen Bakare na Inugu da abokan aikinsa ya nuna cewa yaran Afirka ana kai su asibiti a makare, mafi yawa waɗanda ba sa magana. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kimanin yaro ɗaya cikin 100 a duniya yana da lalurar, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya kuwa ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, masu kula da yara a cikinsu kuma 'yan ƙalilan ne.

Uwar da ɗanta ya kai shekara uku bai ce "mama" ba ta san amsoshin da ke jiran ta. "Ki bar shi, nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi." Ko a ce miskili ne, ko shafar aljanu, ko an yi masa hannu. Shekarun da koyar da magana da hulɗa suka fi amfani sai su wuce ana zagaye. A irin wannan yanayi, ɗauko muhawarar Landan a ce ana yawan laƙaba wa yara galahanga zai ƙara rufe ƙofar da ba ta gama buɗewa ba.

Amma ɗaya rabin muhawarar ya riga ya iso. Bidiyon da ake kallo a Landan shi ake kallo a Kano da Maraɗi, kuma ya riga likita zuwa. Ɗalibar da ta gama yanke wa kanta hukunci a ɗakin kwananta na jami'a ta fi takwararta ta Ingila zama cikin haɗari, domin babu ko layin jiran da za ta shiga a gyara mata idan ta yi kuskure.

Abin da ya kamata

Idan matashi ya zo ya ce yana jin yana da galahanga, kada a yi masa dariya, kada kuma a yi saurin sa masa hannu. A tambaye shi abin da ke ba shi wahala, tun yaushe, kuma me ya hana shi yi. A tambayi waɗanda suka raine shi yadda yake yana ƙarami. A kai shi wurin likitan yara ko na ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa mafi kusa, a tafi da shirin karɓar kowace amsa, ko da ta zo da wani suna daban. Taimakon da ba ya buƙatar takardar likita, kamar wuri mai shiru don karatu, da bayani dalla-dalla, da sanar da shi kafin a sauya masa tsari, a fara ba shi tun yau. Ƙasashen da suka ɗaure kowane tallafi a jikin takardar tantancewa su ne suka tura iyalai rububin neman sunan, kuma darasi ne ga masu tsara ilimi a wurinmu tun kafin mu kai can.

Shakku ya dace da bidiyon da ke mayar da halin kowa alamar cuta, ya dace da jarrabawar minti biyar, ya dace da asibitin da ke tantancewa cikin gaggawa, ya dace da ma'aunin da aka ja har ya daina rarrabewa. Bai dace da yaron da ya ce yana shan wahala ba. Shi bincike na ƙwarai yake bin mu, irin mai cin lokaci, wanda zai gaya masa gaskiyar abin da ke damunsa ko da ba ita yake tsammani ba. Haka ma yaron da ba zai taɓa iya faɗin damuwarsa da bakinsa ba yana bin mu wannan haƙƙi, kuma shi ya kamata a fara sallama.